Gaisuwar Suruki a Tseren Babura

Da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, sai hankalinmu ya bar gona ya koma rumfar mai faci. Rumfar tana bakin titi a Kazaure, ƙarƙashin wata darbejiya, kuma nan ce majalisarmu ta masu tseren keke. Bayan la'asar kowa zai zo ya jingine kekensa, a zauna kan benci da tsofaffin tayoyi, a shiga zancen kakar tsere da ke tafe. Ba mu da ƙungiya mai rajista balle ofis. Ni malamin firamare ne a lokacin, akwai tela, akwai mai tuƙa adaidaita, sauran yawanci manoma ne, kowa da kekensa na gwanjo mai siririyar taya wanda ya lallaɓa ya sayo a Kano.

Mai facin shi ne shugabanmu, shi ne alƙali, shi ne kuma gidan rediyo. Yana da wata waya mai fasasshen gilashi wadda yake bin tseren Turawa da ita, waɗanda tuƙa keke shi ne sana'arsu, da shi suke ci da shi suke sha. Kowace shekara sai ya fara karanta mana tasu kakar kafin ya sauko kan tamu, hannunsa ɗaya cikin kwanon ruwa yana laluben hujin taya.

"Su ma yanzu suke wasa wuƙa," haka yake farawa. "Ƙasarsu sanyi ya rufe ta, saboda haka can ƙasashen zafi za su buɗe kaka. Daga nan su faɗo saharar Larabawa, inda iska ke tsinka ayari gida biyu gida uku. Sai su koma gida su hau wasu tituna da aka jera da duwatsu, ana ruwa ana taɓo, mutum ya gama tsere ko uwarsa ba za ta gane shi ba. Manyan tsaunuka kuwa sai can gaba, idan ƙafa ta nuna." Sannan ya faɗi wanda zai ci kowanne, da sunaye masu karya harshe. Da wuya hasashensa ya faɗa daidai, amma hakan bai taɓa rage masa murya ba.

Tamu kakar ba ta kai tasu tsawo ba, amma a wurinmu ba ta gaza tasu daɗi ba. Da Roni muke buɗewa, inda hanya ke hawa da gangara tsakanin duwatsu, mai ƙiba ya gane kurensa. Gwiwa burji ce da yashi, ƙarfi ba ya fisshe ka sai ka iya riƙe kan keke. Kazaure ita ce rufewa, a zagaya gari a gaban 'yan uwa da abokan arziki. Kafin Kazaure kuwa akwai Babura: a tashi daga bakin gari, a miƙe kan kwalta har Kanya Babba, a zagaye wata tsamiya da ke ƙarshen garin, a dawo. Duk da sassafe muke yi, kafin motoci su cika hanya. Wanda ya ci ba kofi ake ba shi ba. Mai faci ne zai ɗaura masa ƙyalle a kan kekensa, kowane gari da launinsa, ja na Roni, ruwan ɗorawa na Gwiwa, shuɗi na Kazaure, kore na Babura.

Ba yabon kai ba, ni na iya keke. Kan kekena akwai ja, akwai ruwan ɗorawa, shuɗi kuwa har ya yi mini yawa na ba 'yata tana goyon 'yar tsana da shi. Kore ne ban taɓa samu ba, alhali hanyar Babura kamar don ni aka shimfiɗa ta, don ni mutum ne mai dogon numfashi, miƙaƙƙiyar hanya ba ta gajiyar da ni. Abin da ya hana ni kowa a rumfar ya san shi, surukina ne.

A Kanya Babba na yi aure. Gidan mahaifin matata yana bakin kwalta, daf da tsamiyar da muke zagayewa, kuma dakalin ƙofar gidan titi yake kallo. Dattijo ne siriri, manomi, mai magana a hankali. Idan ya dawo daga masallaci ya karya, zai shimfiɗa buzunsa a kan dakalin ya zauna shan hantsi da carbinsa, ba ya tashi sai rana ta yi zafi. Mu kuwa yadda aka tashe mu, ba ka wuce babba kana bisa keke. Za ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka tura kekenka sai ka ba shi baya sosai sannan ka hau. Wannan ga kowane dattijon da ka sani ke nan, ina ga mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba ka.

Ba na mance shekarar farko. Ina gaba, sauran suna biye da ni, iska tana kaɗa mini riga, har na fara tunanin inda zan ɗaura koren ƙyalle. Sai na hango farar riga a kan dakali. Ban ma yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya damƙe birki da kansa. Na sauka, na kwance igiyar kambas, na durƙusa ina haki.

"Baba, ina kwana?"

"A'a, Malam ne? Lafiya lau. An tashi lafiya?"

Surukina ba ya gaisuwar gaggawa. Zai tambayi gajiya ya jira amsa. Ya tambayi mutanen gida, don ba ya kama sunan matata, 'yar farinsa ce. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi makaranta, ya tambayi yadda gero ya yi a wajenmu, tsakanin kowace tambaya yana jan carbi. Ina durƙushe abokan tserena suka zo suka wuce fuu, ya bi su da kallo.

"Waɗannan kuma ina za su da gudu haka? Allah dai ya sa lafiya."

"Lafiya lau, Baba. Motsa jiki ne."

Abin da na iya cewa ke nan. Da wane baki zan gaya wa surukina cewa ni, magidanci, malamin makaranta, rige-rige nake yi da keke a kan wani ƙyalle? Na tura keke na wuce, na zagaye tsamiya, ga shi kuma dole in sake biyowa ta gabansa. Tunda na gaishe shi a tafiya, ai sai in yi masa sallama a dawowa. Na sake sauka. Ya ce in dakata, ya leƙa zaure ya yi magana, aka fito da ƙullin daddawa a leda. "A kai wa mutanen gida," in ji shi. Haka na shiga Babura ni ne na ƙarshe, daddawa tana reto a kan kekena, mutane suna dariya har da masu riƙe ciki.

Abin ya zama na kowace shekara. Na koyi dabaru iri-iri, ba su kai ni ko'ina ba. Saboda Babura kaɗai na daina sa gajeren wandon tsere mai kama jiki, don ba zan durƙusa gaban Baba da shi ba. Dogon wando nake sawa in ɗaure ƙafarsa da roba kada sarƙa ta ci. Na bar kambas na koma sau-ciki wanda ake zarewa da ƙafa. Duk da haka kafin in gama gaisuwa da sallama, na gaba ya yi nisan da ko babur sai ya yi da gaske. Wata shekara gyaɗa na kawo, wata shekara garin kuka, amma daddawa ta fi yawa, har 'yan Babura in sun hango ni sai su riƙa tambayata ko ta bana ta yi ƙanshi. Ina taya su dariya, in koma gida in kasa cin tuwo. Abin yana mini ciwo ƙwarai. Idan mai faci ya nuna mana Turawansa a waya, ni ba kekunansu nake ƙyashi ba, abin da nake kallo shi ne yadda suke ratsa gari bayan gari babu mai sauka, kamar duk cikinsu babu mai suruki.

Sai shekarar da ƙafata ta dama ta fara ciwo a gaɓa. Likita ya duba ya ce in ina son in tsufa ina salla ba a kan kujera ba, to in bar wannan gudun. Matata tana zaune aka faɗa, saboda haka babu hanyar ɓoyewa. Na roƙe ta kaka ɗaya, na yi mata alkawari daga ita na bar tsere, keke sai dai na zuwa makaranta. Ke nan Babura ɗaya ta rage mini a duniya, in ta wuce, kore ya wuce ni har abada.

Ranar da mai faci ya karanta kakar wannan shekarar, rumfar ta cika. Ya gama da Turawansa, ya share hannu a wando, ya juyo kanmu.

"Roni ta tela ce, ba shi da nauyi, dutse ba ya jin sa. Gwiwa kuwa kada ma wani ya wahalar da kansa, ga mai ita nan." Ya nuna wani Bafulatani ɗan wajen Gwiwa, dogo mai dogayen ƙafafu, wanda bai daɗe da shigowa cikinmu ba ya hana kowa sakat. Makiyayi ne, yana noma kuma, bai cika magana ba. "Babura ma ina ganin shi ne. Kazaure sai abin da Allah ya yi."

"Malam fa?" in ji tela.

"Malam zai kawo mana daddawa mu kaɗa miya."

Aka bushe da dariya. Ranar ban taya su ba. Na miƙe na ce wa mai faci da duba ce sana'arsa da tuni yunwa ta kashe shi. Da suka ga da gaske raina ya ɓaci, sai aka koma ba ni shawara. Tela ya ce a matso da wurin juyawa, a juya tun kafin a shiga Kanya. Na ce ban yarda a ce an gajarta hanya domina ba. Mai adaidaita ya ce in sa hular kwano da baƙin tabarau in wuce abina, tsoho ba zai gane ni cikin ayari ba.

"Ko shi bai gane ni ba, ai ni na gane shi," na ce.

Bafulatanin, wanda tun ɗazu bai tanka ba, ya ɗago kai. "Malam yana da gaskiya. Da ni ne, ko hanyar ma ba zan bi ba, sai dai in zaga ta daji." Ya dube ni. "In ka sauka, zan rage gudu in jira ka."

Wannan ta fi dariyar ƙona mini rai, ko da yake na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce masa in ya kuskura ya taɓa birki domina, ni da shi ko gaisuwa, ba na son ƙyallen sadaka.

A gida matata ta ga na tura kwano gefe, ta tambaya, na gaya mata. Ta ce, "Malam, wannan ai ba abin damuwa ba ne. Bari in gaya wa Inna ta gaya wa Baba, ranar ya zauna a cikin gida."

"Kul," na ce. "Ni zan kori Baba daga ƙofar gidansa saboda wasan keke? Kada in ji."

Ta ce to, ta ɗauke kwanon. Na san irin wannan amsar tata sarai, amma hankalina yana wani wuri.

Shawarar da na yanke ita ce in yi ƙarfin da zan gaisa, in yi sallama, in kuma kamo su. Kullum bayan asuba ina kan hanyar Achilafiya, ina gudu ina koyon sauka da hawa. Akwai wata kuka a bakin hanya da na mayar surukina. In taho a guje, in ja birki, in zare takalmi, in durƙusa in gaishe ta, in amsa wa kaina, in tura in hau. Wata safiya na ɗago sai ga wani manomi da jakinsa ya tsaya yana kallona, bakinsa yana motsi da addu'a. Ban tsaya bayani ba, shi ma bai tsaya jin sa ba.

A Roni na lallaɓa ƙafata na shigo a tsakiya, wani manomi ya ci, ba tela ba. A Gwiwa na bi bayan Bafulatanin don in karance shi. Ya ci kamar yadda aka ce, mai faci kuwa bai bar kowa ya huta da zancen ba. Abin da na gano shi ne, mutumin yana da ƙarfi kamar bijimin sa, amma ba ya son iska a ƙirji, in ta taso sai ya riƙa miƙewa yana gyara zama. Ana saura 'yan kwanaki a yi Babura matata ta tafi Kanya suna, ƙanwarta ce ta haihu, ta kwana ta dawo. Na tambaye ta Baba, ta ce yana lafiya yana gaishe ni.

Ranar tsere mun isa Babura gari bai gama wayewa ba, kekunanmu a bayan wata a-kori-kura. Mai faci ya zo da toka a gwangwani ya ja layi a kan kwalta, daga nan za a tashi, nan kuma za a ƙare. Ya ɗaga koren ƙyalle kowa ya gani, ya soke shi a aljihu, ya busa usur.

Na san in na zauna cikin ayari na rasa, saboda haka tun ba a yi nisa ba na fice. Mutum ɗaya ne ya biyo ni, ba sai na waiwaya ba, na san numfashinsa. Iska tana bayanmu a tafiya, kekuna suna gudu kamar ba mu muke tuƙawa ba, karan dawa a gonaki yana wucewa ta gefen ido. Ina tuƙi ina tsara gaisuwata a zuci, wace tambaya zan amsa a gajarce ba tare da ta zama rashin kunya ba. Muka hango rufin kwanon Kanya Babba, na sassauto da ƙafata cikin takalmi, na ɗora yatsu a kan birki.

Dakalin babu kowa. Babu buzu, babu buta, babu farar riga. Tun da na fara zuwa gidan nan neman aure ban taɓa ganin dakalin ba kowa da hantsi ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne ko ciwo, ko abin da ya fi ciwo, tseren ma ya fita daga kaina. Na rage gudu ina duban ƙofar. Ba taron mutane, ba tabarmi a waje, awaki suna cin harawa abinsu, daga cikin gida kuma ana jin daka har da lugude. Na san ba a lugude a gidan da aka yi rasuwa. Na yi ajiyar zuciya, na wuce ƙofar gidan surukina a kan keke karo na farko a rayuwata, kaina a sunkuye kamar na yi sata.

Muka zagaye tsamiya muka sake biyowa, har yanzu ba kowa. Bafulatanin ya matso kusa da ni, yana haki yana murmushi.

"Malam, yau ba uzuri!"

"Kai ma haka!" na ce.

A bakin gari muka gamu da ayarin sauran, su yanzu suke shigowa Kanya, suka yi mana ihu muka wuce. Iskar da ta turo mu a tafiya sai ta tare mu a ƙirji. Na kwanta a kan keke, haɓata ta kusa taɓa ƙarfe, na sa giya mai nauyi. Ƙafata ta dama tana zafi kamar an ɗora mata garwashi, na ce mata ta yi haƙuri, yau ce ta ƙarshe. Muka yi ta musayar gaba, ya wuce ni, in wuce shi. A wata 'yar gada inda hanya ta ɗan hau, na ji ya miƙe yana gyara zama. Nan na zuba duk abin da nake da shi. Numfashinsa ya fara nisa, ya ƙara nisa, har na daina jin sa, sai ƙarar sarƙata da iska.

Ban taɓa shiga Babura ina gaba ba, ban san haka abin yake ba. Tun daga nesa na hango taro ya cika gefen titi biyu, mutane suna tsalle, mai faci a tsakiyar kwalta yana kaɗa kore. Wani daɗi ya lulluɓe ni. Na waiwaya, Bafulatanin yana can baya, ɗan ƙarami. Na juyo ina dariya ni kaɗai, sai na ga farar rigar.

Kafin a kai layin toka, nisan da bai fi jifa ba, akwai wata darbejiya a hannun hagu, ɗan nesa da hayaniyar samari. A gindinta an shimfiɗa buzu, ga buta, ga surukina zaune da carbinsa yana kallon hanya. Daga baya na ji yadda aka yi. Matata ta gaya wa mahaifiyarta ranar suna, ita kuma ta gaya masa. Sai ana gobe tsere ya taho Babura ya kwana gidan ƙaninsa, ya ce tunda a tsakiyar hanya yake tare ni, bari ya koma ƙarshenta, in na gama sai mu gaisa a tsanake. Sai da ya ji mun tashi sannan ya fito da buzunsa. Amma ba wanda ya gaya masa zancen toka, mai faci kuma bai san fuskarsa ba, don shi kullum a layi yake tsayawa. Baba ya ga taro ya san nan ne ƙarshe, ya nemi gindin itace inda dattijo zai jingina ba a ture shi ba, itacen kuwa yana ta wannan gefen layin.

Taron ya ga na daina tuƙi. "Wuce! Malam wuce!" Mai faci ya cire hula ya buga da ƙasa. Na ji su sarai. Amma hannuna ya yi abin da ya saba, ni ma kuma ban hana shi ba. Na ja birki, na diro, na zare takalmi, na durƙusa. Na riga na sallama ƙyallen a raina, hawaye ya cika mini ido.

"Baba, ina kwana?"

Ya buɗe baki zai amsa kamar kullum, sai ihun ya shiga kunnensa. Ya dubi taron, ya dubi mai faci da tokar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya juya ya dubi hanya inda Bafulatanin ke tahowa kamar an harbo shi. Na ga lokacin da ya gane. Carbin ya faɗi a kan buzu.

"Lafiya lau, gajiya babu, gida lafiya, yara lafiya, gero alhamdu lillahi, Malam tashi! Tashi ka tafi!"

Tun da nake ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na zabura. Takalmi babu lokacinsa, hawa kuwa a gabansa ko a wannan halin ban iya ba. Na cafki kan keke na ruga da shi a ƙasa, dogon wando ɗaure da roba, tsakuwa tana sukar tafin ƙafata, ƙafar da likita ya ce a lallaɓa tana ɗingishi tana gudu. Ina jin ƙarar tayar Bafulatanin tana cika mini kunne. Na miƙa hannu na cilla keken gaba, tayata ta taka toka, sai iskarsa ta wuce ta gefena.

Wurin ya yi tsit, kowa yana kallon mai faci. Wani ya ce ai ba a kan keke ya shigo ba. Mai faci ya ɗauki hularsa ya karkaɗe, ya ce tun da aka fara wannan tsere taya ake dubawa, ba a taɓa duba mazaunin mutum ba. Bafulatanin ya dawo yana tura nasa keken, ƙafafunsa suna rawa, ya ce, "Tayarsa ce ta fara, ni na gani." Na kama hannunsa na tambaye shi tsakaninsa da Allah ko ya taɓa birki. Ya ce in dubi ƙafafunsa in ba kaina amsa.

Sai wurin ya ɓarke. Aka ɗaga ni sama, ni da ba na son a taɓa mini ko hula, kuma 'yan Babura masu tambayar daddawa su ne suka fi kowa ihu. Da ayari ya iso tela ya ji labari, ya yar da kekensa ya rungume ni kamar shi ya ci. Mai faci ya ɗaura koren ƙyalle kusa da ja da ruwan ɗorawa, ya ƙulle shi tam, yana gaya wa kowa cewa shi dama ya san Malam ne zai ci. Ban ƙaryata shi ba. Na yi farin ciki ranar irin wanda ban yi ba tun da aka haifa mini 'yar fari, ina dariya hawaye yana zuba, ban damu da wanda ya gani ba.

Da hayaniya ta lafa na tuna ba ni da takalmi. Na tura keke na koma gindin darbejiya. Takalman suna gefen buzu, an jera su kusa da juna, an juya su yadda mai su zai zura ƙafa kawai. Ba kowa a wurin sai Baba, ke nan da hannunsa ya jera. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na durƙusa.

"To Malam," ya ce, carbinsa ya dawo hannu, muryarsa ta koma yadda na san ta. "Ɗazu ba mu gaisa ba. An tashi lafiya?"

Muka gaisa tun daga farko. Ya tambayi gajiya ya jira amsa, ya tambayi mutanen gida, yara ɗaya bayan ɗaya, makaranta, gero. Ban taɓa jin daɗin doguwar gaisuwa kamar ta ranar ba. Da ya gama ya dubi ƙyallen da ke kan kekena, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ne abin?"

"Shi ne, Baba."

"Shekara da shekaru ina tsare ka da surutu, kai kuma kana ce mini motsa jiki." Ya girgiza kai, na ga gefen bakinsa yana motsi. "Na ce bari in matsa maka, ashe ban matsa da kyau ba. Amma ka yi gudu, Malam. Na gani da idona."

Na yi masa godiya. Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya zaro ƙulli a leda.

"A kai wa mutanen gida."

Na karɓa da hannu biyu, na rataye daddawar a kan keke kusa da koren ƙyalle. Na ɗauki takalmana a hannu, na yi masa sallama, na tura keken har sai da na ba shi baya sosai, sannan na hau.